Ranar da jadawalin adashenmu ya rubuta #VALUE!

A ƙarshen wani wata, bayan sallar isha'i, hoto ya faɗo zauren WhatsApp na adashenmu. Uwar adashe ce ta turo hoton fuskar wayarta. A gurbin da muka saba ganin jimillar kuɗin da ya rage a biya, sai ga wani baƙon rubutu: #VALUE! Ta biyo shi da saƙon murya, muryarta na rawa, tana tambaya ko an rufe asusun ne. Kafin minti goma zauren ya kacame. Wata ta ce 'yan damfara ne suka shiga wayar, wata ta ce a je wurin mai POS a cire kuɗin tun da daren. Wadda ɗaukarta ce a watan kuwa ta yi shiru, irin shirun da kowa ya san ma'anarsa.

Mu 12 ne a adashen, duk a nan Doka muke, kowa na zuba naira 20,000 a wata. Uwar adashenmu dattijuwa ce mai sayar da atamfa a kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma ta shekara da shekaru tana riƙe lissafin mutane a littafi mai bango ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Abin da ya raba ta da littafin shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Zubi ya koma tiransifa, wata ta turo ta OPay, wata ta banki, wata ta asusun mijinta da sunan da ba a sani ba. Littafi ya kasa bin sawu. Sai 'yarta, wadda ke karatu a jami'a, ta buɗe mata jadawalin lissafi a manhajar Google Sheets: layin A suna, layin B abin da ya kamata a zuba, layin C abin da aka zuba, layin D abin da ya rage.

A daren nan ko kwabo bai ɓata ba. Abin da ya faru kawai shi ne, Hajiya ta rubuta 20k a gurbin biyan wata daga cikinmu, kamar yadda muke rubutawa a hira. Mu mun san 20k dubu ashirin ce. Manhaja ba ta sani ba. A wurinta duk abin da ya haɗu da harafi ya zama kalma, kuma ba a ɗebe kalma daga lamba. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta yi ƙorafi da harshen da ta iya.

Gyaran da ya fi ɓarnar muni

Washegari yarinyar ta karɓi wayar, ta yi abin da yawancin masu ɗan sanin kwamfuta suke yi. Akwai wani umarni mai suna IFERROR, wanda kamfanin Microsoft ya shigar a Excel tun fitowar 2007, kuma yana aiki a Google Sheets. Ma'anarsa: idan lissafi ya gamu da matsala, nuna kaza a madadinsa. Ta rubuta a layin D:

=IFERROR(B2-C2,0)

Wato duk inda aka samu matsala, a nuna sifili. Baƙon rubutu ya ɓace, hankalin Hajiya ya kwanta, mu ma muka yi ta sa wa yarinyar albarka.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan wata biyu, wata daga cikinmu ta turo rabin zubinta, ta ce za ta cika kafin ƙarshen mako. Hajiya ta rubuta 10k. Wannan karon jadawali bai ce uffan ba. A gaban sunan matar ya nuna sifili, wato ba a bin ta komai. A ƙasa kuma, wurin jimillar abin da aka zuba, ya nuna 220,000, domin umarnin SUM da ke haɗa lambobi yana tsallake duk gurbin da kalma take ciki ba tare da ya sanar ba. A asusu akwai 230,000. Mai ɗauka tana jiran 240,000. Lamba uku, babu wadda ta yarda da 'yar uwarta, ga jadawali yana rantsuwa cewa kowa ta biya.

Uwargida, kin san yadda irin wannan take ƙarewa a tsakanin mata. Ba wadda ta fito ta ce uwar adashe ta ci kuɗi, amma an yi kwana biyu ana gaisuwa sama-sama. Sai da aka zauna aka bi alat ɗaya bayan ɗaya kafin gaskiya ta fito. Hajiya ta ce mini abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda ta kasa kare kanta, domin takardar da ya kamata ta zama shaidarta ita ce ta juya mata baya.

Tun daga ranar na sauya yadda nake kallon waɗannan rubuce-rubucen masu alamar # a gaba. Ranar da jadawali ya rubuta #VALUE! ya tsorata mu, amma gaskiya ya faɗa. Ranar da ya yi shiru ne ya kusa raba zumunci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A watan Oktoban 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙidaya ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. Dalili shi ne ana zuba sakamakon gwaji a tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube ba tare da kowa ya lura ba, aka yi jinkirin neman mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar. Idan haka ta faru da hukuma mai ƙwararru, ina ga adashen unguwa?

Me suke cewa ne?

Jadawalin lissafi na ƙananan kwamfutoci ya fara ne a Amurka a 1979, da wata manhaja mai suna VisiCalc. Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets kuma a 2006. Akantoci da ma'aikatan ofis aka yi wa su, mutanen da ke jin Turanci kuma suke da abokin aiki a tebur na gaba da za su tambaya. Ba a yi tunanin mai sayar da turaren wuta a Unguwar Shanu da ke lissafi da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da jariri ba. Idan kika taɓa gurbin da ke da matsala a Google Sheets, yakan fito da ƙarin bayani, amma da Turancin da ko mai digiri sai ya karanta sau biyu.

Alhali saƙonnin ba su da yawa, kuma ma'anarsu ba ta da wuya. #VALUE! na nufin an sa kalma inda ake son lamba: 20k, ko "dubu biyar", ko harafin O a madadin sifili. #DIV/0! na nufin an ce a raba kuɗi gida-gida amma ba a faɗi gida nawa ba. Misali kin sa kuɗin buhun shinkafa, kina son ki san nawa kowane mudu ya kama, amma ba ki shigar da yawan mudun ba tukuna. #NAME? na nufin an yi kuskuren rubuta sunan umarni, kamar a rubuta SUN a madadin SUM. #REF! kuwa shi ne mai haɗari: an goge wani layi ko gurbi da lissafin ya dogara da shi. Idan kin gan shi yanzu-yanzu bayan kin goge wani abu, ki danna kibiyar komawa baya nan take, kafin ki taɓa komai. Idan kuma Excel ya cika gurbi da ##### kawai, yawanci babu laifin da aka yi, gurbin ne ya yi wa lambar kaɗan, sai a faɗaɗa shi.

Wanda ya fi damun mu Hausawa shi ne #N/A, wato an nemi abu ba a samu ba. Yana fitowa ne idan jadawali na neman suna a wani jeri, kamar a lissafin kuɗin makarantar Islamiyya ko na masu karɓar kaya bashi. Mu kuwa suna ɗaya sai mu rubuta shi iri uku. Yau Bilkisu, gobe Bilƙisu da ƙ mai lanƙwasa, jibi Balkisu. A'isha, Aisha da Aishatu mutum uku ne a idon manhaja. Balle a zo ga al'adarmu ta sakaya suna: wadda aka rubuta da sunanta na yanka a watan jiya, a wannan watan an rubuta ta da Maman wance. Har tazarar da yatsa ya bari bayan suna, wadda ido ba ya gani, tana iya hana a same shi.

A bar ƙararrawa, a ƙara tafinta

Abin da muka yi daga baya shi ne muka cire IFERROR ɗin nan mai sifili gaba ɗaya. Layin D ya koma yadda yake, =B2-C2, ta yadda idan an yi kuskure zai fito fili, kuma jimillar ƙasa za ta ƙi bayar da lamba har sai an gyara. Sannan muka buɗe sabon layi a gefensa, layin E, wanda aikinsa kawai ya fassara matsalar da Hausa.

A nan ne abin da ake kira umarni na ƙashin kai yake shigowa. Kamar yadda manhaja ta zo da SUM da IF, ke ma za ki iya ƙirƙirar naki umarnin, ki raɗa masa suna, ki riƙa kiran sa a duk inda kike so. Google ya kawo wannan damar a Sheets a 2022. A Excel kuma ana yin irinsa da umarnin LAMBDA, ga masu sabon samfurin Microsoft 365. Mu namu mun sa masa suna BAYANI.

Ƙirƙirar sa na bukatar kwamfuta, sau ɗaya tak. Idan babu a gida, shagunan buga takardu da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwa sun isa, sai dai ki tabbata kin fita daga asusunki na Google kafin ki tashi daga kujerar. A buɗe jadawalin, a shiga Data, a zaɓi Named functions, a ƙara sabo. A wurin suna a rubuta BAYANI. A wurin da ake sa sunan abin da umarnin zai duba a rubuta gurbi. Sai a zuba wannan a wurin fomula:

=IF(ISERROR(gurbi),SWITCH(ERROR.TYPE(gurbi),2,"Saka yawan kaya tukuna",3,"Rubuta lamba zalla, kamar 10000",4,"An goge wani layi, kar a raba kuɗi",7,"Ba a ga sunan ba, duba rubutunsa","A kira mai kula da jadawali"),"Daidai")

Kada tsawonsa ya razana ki. Kowane irin kuskure yana da lambarsa a cikin manhaja, kuma ERROR.TYPE ne ke faɗo ta: 2 ita ce #DIV/0!, 3 ita ce #VALUE!, 4 ita ce #REF!, 7 kuma #N/A. Abin da fomular ke cewa shi ne, duba gurbin nan. Idan akwai matsala, gano wace iri ce ka faɗi maganar da ta dace da ita. Idan wata ce da ba mu lissafa ba, ka ce a kira mai kula. Idan babu matsala, ka ce daidai. Bayan an adana, abin da za a rubuta a E2 shi ne =BAYANI(D2) kawai, a ja shi zuwa ƙasa. Daga nan kwamfuta ta gama aikinta, sauran a waya ne.

Amfanin raɗa masa suna shi ne, duk ranar da kika ga wani saƙo bai fito da ma'ana ba, wuri ɗaya za ki gyara, ya gyaru a ko'ina. Wadda kuma ba ta da halin zuwa ga kwamfuta, za ta iya rubuta doguwar fomular kai tsaye a E2 ta waya, ta sa D2 a duk inda kalmar gurbi ta fito. Aiki ɗaya suke yi, sai dai wahalar gyara.

Akwai wata hanya ta uku da matasa masu sha'awar kwamfuta ke so, wato rubuta umarni da Apps Script. Tana da ƙarfi sosai, amma lissafinta a kwamfutocin Google ake yin sa, don haka duk lokacin da sabis ya yi rauni sai gurbin ya tsaya yana jira. Ga adashe da ƙaramar sana'a, ni ban ga abin da zai kai mu can ba.

Ramin da ya rage

BAYANI yana kama kuskuren da ya yi ƙara ne kawai. Ki tuna SUM da ya tsallake 10k ya ba mu 220,000 ba tare da ya ce komai ba. Wannan sai an yi masa tarko na daban. Akwai umarni biyu masu kama da juna: COUNT yana ƙirga guraben da ke da lamba, COUNTA yana ƙirga duk guraben da aka rubuta wani abu a ciki. Idan na biyun ya fi na farkon yawa, to akwai inda aka rubuta kalma. Don haka a gurbin jimillar zubi muka sa:

=IF(COUNTA(C2:C13)>COUNT(C2:C13),"Akwai gurbin da ba lamba ba, a duba kafin a raba",SUM(C2:C13))

A ganina, idan abu ɗaya kawai za ki ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne. Layi ɗaya ne, ana iya rubuta shi a waya, kuma da yana nan tun farko da Hajiya ba ta yi kwana biyu ba barci ba.

Matsalar sunaye kuwa, mun kashe ta ne daga tushe. Kowace mace ta samu lamba daga 1 zuwa 12 bisa jerin ɗauka, kuma da lambar ake nema, sunan yana gefe don ido kawai. Masu jeri mai tsawo, kamar malaman Islamiyya, za su iya sa a riƙa zaɓar suna daga jerin da ke saukowa idan an taɓa gurbi, maimakon a rubuta shi da hannu kowane wata. Haka kuma ana iya kulle layukan da ke ɗauke da fomula, a bar layin C kaɗai a buɗe, saboda yaran da ke karɓar waya su yi wasa.

Abu biyu kan hana fomula aiki ko da an rubuta ta daidai. Wasu wayoyi na lanƙwasa alamar zance da kansu, manhaja kuwa miƙaƙƙiya take so, don haka idan kin kwafo fomula daga saƙo ta ƙi aiki, nan za ki fara dubawa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma, da duk wadda jadawalinta ke kan tsarin Faransanci, za su sa alamar ; a duk inda muka sa waƙafi a tsakanin sassan fomula. A Excel na Faransanci har sunayen umarnin sukan sauya, IFERROR ya koma SIERREUR.

Maganar da za a sa a bakin manhaja

Wurin da muka fi daɗewa muna gardama ba fomula ba ce, kalmomin ne. Yarinyar ta fara rubuta "Ba ta biya ba" a matsayin saƙon da zai fito idan gurbin zubi babu komai. Hajiya ta ce sam. Ta ce mata: "Ke 'yar nan, jadawalin nan mutum 12 ke gani. Idan matar ta turo, ni ce ban shigar ba fa? Kin sa waya ta kira ta mai taurin bashi a gaban kishiyar yayarta." Aka mayar da shi "Ba a shigar ba tukuna". Kalma uku aka sauya, amma laifin ya tashi daga kan mutum ya koma kan aikin da bai kammala ba.

Na ga hikimar dattijuwar. Manhaja ba ta san abin da ya faru a duniya ba, abin da aka rubuta mata kawai ta sani, don haka bai kamata a sa ta yanke wa kowa hukunci ba. Saƙo mai kyau yana faɗin abin da za a yi ne: rubuta lamba, duba suna, saka yawan kaya. Kalmar "kuskure" ita kaɗai ba ta da wani amfani, domin mai karatu ta riga ta ga akwai matsala, abin da take nema shi ne mafita. Kuma ya zama gajere, kalma biyar ko shida, saboda fuskar waya ba ta da faɗi, dogon saƙo yakan yanke a tsakiya ya bar ki da rabin magana.

Mun kuma bambanta saƙonnin gwargwadon nauyinsu. Wanda mai shigar da lamba za ta iya gyarawa da kanta, a faɗa mata yadda za ta yi cikin laushi. Wanda ya shafi gogewar layi kuwa, ba a sassauta shi ba: kar a raba kuɗi. Gara a jinkirta ɗauka da awa biyu a kira yarinyar daga makaranta, da a tura kuɗi a kan lissafin da ƙafarsa ɗaya ta karye.

Kafin ki miƙa wa kowa jadawalin, ki gwada shi da gangan. Rubuta 10k ki ga me zai ce. Goge lamba, rubuta suna a karkace, ki ba wadda ba ta taɓa ganinsa ba ta karanta saƙon da ƙarfi ta faɗa miki abin da ta fahimta. Mu da muka gwada da ƙanwar Hajiya, "lamba zalla" ta ɗauka lambar waya ake nufi. Shi ya sa muka ƙara "kamar 10000" a ƙarshensa.

Hajiya dai har yau ba ta jefar da littafinta mai bango ba. Duk ƙarshen wata takan buɗe shi a kan tabarma, waya a gefe, ta bi layin E da yatsa daga sama har ƙasa. Sai ta ga "Daidai" sau 12, ta duba jimilla ta yi daidai da abin da ke asusu, sannan take tura wa mai ɗauka kuɗinta. A watan da ya wuce ta sake rubuta 20k, hannu ya riga ya saba. Wannan karon ba ta turo hoto zaure ba, ta karanta abin da aka ce ta yi, ta goge k ɗin ta ƙara sifili uku.